Shayarwa da Kallo: Tarihin Sa Hannun Hukuma a Renon Yara a Dutsin-Ma da Kurfi

Garuruwan Dutsin-Ma da Kurfi suna tsakiyar Jihar Katsina, a kan hanyar da ta fito daga birnin Katsina ta ratsa Batagarawa ta nufi kudu, kuma dukansu tsofaffin gundumomi ne na masarautar Katsina, inda Yandakan Katsina yake riƙe da ta farko, Maraɗin Katsina kuma yake riƙe da ta biyu. A tarihin renon yara na wannan yanki akwai al'amura biyu da hukuma ta sa hannu a cikinsu ta hanyoyi mabambanta, wato shayar da jariri nonon uwa, da kuma kallo, wanda a nan ake nufin lokacin da yaro yake ɗauka a gaban majigi ko talabijin ko wayar hannu. Shayarwa ta girmi gwamnatin zamani nesa ba kusa ba, saboda haka da gwamnati ta zo sai ta tarar da fagen yana da masu shi, daga malamai da alƙalai har zuwa kakanni da ungozoma. Kallo kuwa gwamnatin ce da kanta ta ɗauko shi a mota ta sauke a ƙofar fada. Abin da tarihin biyun yake nunawa shi ne, ƙarfin hukuma ya fi bayyana a duk lokacin da kayan aiki yake hannunta, ya kuma fi rauni idan abin da ya rage mata shi ne shawara ga matar da ke cikin gida.

Kafin zuwan Turawa Katsina a 1903, shayarwa tana ƙarƙashin ƙa'idoji iri biyu, na shari'a da na al'ada, waɗanda sukan dace a wani wuri su saɓa a wani. Alƙur'ani ya ambaci shekara biyu cikakku a matsayin iyakar shayarwa ga wanda yake son cika ta, a aya ta 233 ta Suratul Baƙara, kuma littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan malamai, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil, sun yi bayanin hukunce-hukuncen da suka rataya a kanta. Daga cikinsu akwai cewa shayarwa wajibi ce a kan matar da ke ɗakin mijinta, matar da aka saka kuwa tana da damar neman ladan shayarwa daga uban yaro, sannan akwai 'yan'uwantakar nono, wadda take haramta aure tsakanin yaran da suka sha nonon mace ɗaya, kuma a mazhabar Maliku ko sau ɗaya nonon ya kai cikin jariri a lokacin shayarwa hukuncin ya tabbata. Kotun alƙali ita ce hukuma ta farko da ta san maganar nono, amma iyakacinta sauraren ƙara idan an kawo, kamar rikicin ciyarwa bayan saki, ko auren da aka gano daga baya cewa ma'auratan sun sha nono ɗaya. Yadda za a shayar, da ranar da za a fara, da abin da za a haɗa da shi, duk an bar su a hannun tsofaffin mata.

Tsarin da tsofaffin suka riƙe yana da faɗi, kuma ya kamata a tsaya a kansa domin shi ne abin da kowace manufar gwamnati ta zo ta ci karo da shi daga baya. Mace mai haihuwar fari takan koma gidan iyayenta, abin da ake kira goyon ciki, ta haihu a hannun ungozoma, wato tsohuwar da take yanke cibiya ta kuma kula da jariri a kwanakin farko. Daga nan sai wankan jego na kwana arba'in ko fiye, inda ake tafasa ruwa a babbar tukunya safe da yamma ana fyaɗa wa mai jego da ganye, ana ba ta kunun kanwa da ƙauri, wato farfesun ƙafar saniya mai yaji, domin jikinta ya gasu kuma nono ya kawo. Shi kuwa dakashi, wato ruwan nonon farko mai kauri da launin rawaya, yawancin gidaje ba su yarda da shi ba, don ana ganin ƙazanta ne ko dafi, sai a tatse a zubar, a riƙa ba jariri ruwan ɗumi ko rubutu ko nonon akuya ko na shanu har kwana biyu ko uku. A wasu gidajen ma akan gwada nonon kafin a yarda da shi: a tatsa a ludayi a jefa tururuwa a ciki, idan ta fita da rai an ce nono yana da kyau, idan ta mutu sai a nemo saiwoyi da sassaƙe a ba uwa ta sha har a gamsu cewa ya wanku. Bayan wannan kuwa jariri ba ya rabuwa da bayan uwarsa ko cinyarta, yana sha duk lokacin da ya nema dare da rana, har zuwa yaye, wanda akan yi idan ya kusa shekara biyu, a kai shi gidan kaka, a shafa wa nono abu mai ɗaci, a karɓo rubutun dangana wajen malam.

Abin da ya tsare wannan doguwar shayarwa shi ne tsoron kwanika, wato mace ta yi ciki alhali tana goyo, domin an ɗauka cewa nonon mai ciki yana ɓata cikin yaro ya sa shi rama da gudawa, kuma matar da ta yi kwanika takan sha gori wajen kishiyoyi da dangin miji. Saboda haka al'ada ta sa miji ya nisanci matarsa har ta yaye, kamar yadda Baba ta Karo ta bayyana game da ƙasar Zazzau a tarihin rayuwarta da Mary Smith ta rubuta a 1949 da 1950, aka buga a 1954. A nan al'ada ta fi shari'a tsanani, domin a Muwaɗɗa ta Imam Malik akwai hadisin da ya nuna ba a haramta kusantar mai shayarwa ba, kuma da wa'azi ya yawaita a kan bambance addini da gargajiya tun daga shekarun 1970, wannan shinge ya yi rauni a gidaje da yawa ba tare da wata doka ta taɓa shi ba.

Gwamnatin mulkin mallaka ba ta kai ga ɗakin mai jego ba, kuma ba ta yi wani yunƙurin kirki na kaiwa ba. Ta yi mulki ne ta hannun En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki da hakimai, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, sannan ɗansa Usman Nagogo, kuma abin da ya iso gundumomi na kiwon lafiya shi ne ɗakin shan magani da malamin asibiti namiji, da duba-gari mai lura da tsabtar rijiya da kasuwa, da masu lambar agana. Namiji baƙo ba ya wuce zaure, don haka matan kulle ba su san waɗannan ma'aikata ba sai a bakin yara. Hankalin likitoci bai koma kan al'adun jego sosai ba sai a shekarun 1970, lokacin da Eldryd Parry da abokan aikinsa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka danganta yawan ciwon zuciya da kumburin masu jego da shan kanwa mai yawa da kuma kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Tun daga lokacin ma'aikatan asibiti suke faɗa da kunun kanwa, amma har yau ba a daina dama shi ba, sai dai an rage masa kanwa a gidajen da suka ji maganar.

Barazanar da ta sa gwamnati ta yi doka a kan nono daga kasuwa ta fito. A shekarun arzikin man fetur madarar gwangwani ta jarirai da bulumboti, wato kwalbar shayarwa da aka fi sani da fida, sun zama alamar wayewa a gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa, ana tallarsu a rediyo da jaridu da bangon ɗakunan haihuwa. Haɗarin abin a wuri irin Dutsin-Ma a bayyane yake, domin madarar tana buƙatar tafasasshen ruwa da kwalba mai tsabta da kuɗin saye ba yankewa, kuma idan gwangwani ya kusa ƙarewa sai uwa ta tsinka shi da ruwa don ya kai ƙarshen wata, yaro ya shiga gudawa da rama. Likitar yara Cicely Williams ta yi gargaɗi a kan haka tun a 1939 a wani jawabi da ta yi a Singafo, ƙungiyar War on Want ta Ingila ta fitar da rahoto a kai a 1974, a 1977 kuma aka fara ƙaurace wa kayan kamfanin Nestlé a Amurka. A watan Mayu na 1981 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙa'idar tallata abubuwan da ke maye gurbin nonon uwa, ƙasashe 118 suka goyi baya, Amurka kaɗai ta ƙi, ƙasashe uku suka ƙaurace wa ƙuri'ar. Nijeriya ta ɗauki shekara tara kafin ta mayar da ƙa'idar doka, da dokar soja mai lamba 41 ta 1990, wadda aka yi wa gyara a 1999, sannan hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta fitar da ƙa'idojin aiwatarwa a 2005 ta sabunta su a 2019. Dokar ta hana tallar madarar jarirai ga jama'a da raba ta kyauta ga iyaye mata, ta kuma wajabta rubuta fifikon nonon uwa a jikin gwangwani. Wannan mataki ya yi tasiri domin da kamfanoni ƙalilan masu rajista gwamnati take hulɗa, amma adalci ne a ce faɗuwar darajar naira bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ta fitar da madarar gwangwani daga gidajen talakawan Kurfi kafin dokar ta iso.

A daidai wannan zamani ne aka gina hanyar da saƙon gwamnati yake bi ya shiga cikin gida. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara wanda ya riƙe Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya daga 1985 zuwa 1992, ya ɗora tsarin lafiya a kan matakin farko, wato ƙananan asibitocin ƙauye da ke ƙarƙashin ƙananan hukumomi, da rigakafi, da ruwan gishiri da sukari don maganin gudawa. Bayan an ƙirƙiri Jihar Katsina a watan Satumba na 1987, makarantun koyon aikin lafiya na Kankiya da Daura da makarantar ungozoma ta Malumfashi sun riƙa yaye ma'aikata, ciki har da mata 'yan ƙasa waɗanda suke iya yin sallama su shiga har tsakar gida. Ranar awon ciki da ranar rigakafi suka zama makarantar da ake karantar da mata, suna zaune a kan benci da katinsu a hannu, ma'aikaciya tana tsaye tana nuna yadda ake ɗora jariri a nono. Sanarwar Innocenti ta 1990 da shirin asibitoci masu kula da shayarwa na 1991 sun kawo ƙa'idar sa jariri a nono cikin sa'ar farko da barin dakashi ya shiga cikinsa, a 2001 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da wata shida a matsayin tsawon shayar da nono zalla, wato nono kaɗai ba ruwa ba kunu ba jiƙo.

Maganar ruwa ita ce inda gwamnati da kakanni suka fi daɗewa suna ja-in-ja. Hujjar likita ita ce kusan kashi 88 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma ruwan randa ko na rijiya yana cika ƙaramin ciki ya rage shan nono, ya kuma shigar da ƙwayoyin gudawa. Hujjar kaka kuwa ita ce zafin bazara, lokacin da ma'aunin zafi yake haura 40 a watannin Afrilu da Mayu, da kuma ganin cewa hana mai rai ruwa rashin tausayi ne, ga shi ita ta reni 'ya'ya da jikoki da ruwan kuma suna nan da ransu. Matashiyar uwa da ta ji bayani a asibiti tana komawa gidan da surukarta ce mai faɗa a ji, kuma idan haihuwar fari ce kunyar ɗan fari ma takan hana ta nuna damuwa da jaririn a gaban manya, balle ta yi musu. Alƙaluman binciken lafiya na ƙasa sun nuna jinkirin tafiyar: jariran da ba su kai wata shida ba da ake shayarwa da nono zalla sun kasance kashi 17 cikin 100 a 2003, suka sauka zuwa 13 a 2008, suka koma 17 a 2013, sannan suka kai 29 a 2018. Wannan ne ya sa shirye-shiryen da suka biyo baya, irin su WINNN da ya yi aiki a Katsina da wasu jihohin Arewa daga 2011, da gangamin hana jarirai ruwa da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙaddamar a watan Agusta na 2019, suka karkata ga kafa ƙungiyoyin mata a unguwanni da jawo kakanni da mazaje da limamai. Darasi ne da aka koya a makare, domin tun farko an san wanda yake riƙe da ludayin.

Hutun haihuwa, wanda shi ne babbar hanyar da gwamnatoci suke tallafa wa shayarwa a ƙasashe masu yawan ma'aikata, bai shafi mafi yawan matan yankin ba. Dokar ƙwadago ta 1974 ta ba da mako 12 da rabin albashi a ƙalla, da rabin sa'a sau biyu a rana don shayarwa, daga baya ma'aikatan tarayya suka samu mako 16, Jihar Legas ta kai nata wata shida a 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019. Irin wannan tanadi yana amfanar malama a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011 ko a Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, amma matar da take soya ƙuli-ƙuli ko yin dawo a cikin gida, irin waɗanda Polly Hill ta bayyana kasuwancinsu na ɓoye a nazarinta na Batagarawa da aka buga a 1972, ba ta da ubangidan da zai ba ta hutu. Matsalarta ta fi karkata ga abin da ita kanta za ta ci da abin da za ta ba yaro bayan wata shida. Binciken 2018 ya nuna kusan yara shida cikin goma 'yan ƙasa da shekara biyar a Jihar Katsina sun tsumbure, kuma tun da 'yan bindiga daga dajin Rugu suka hana noma a ƙauyuka da yawa na Safana da Batsari da Kurfi da Dutsin-Ma, tamowa, wato matsananciyar rama ta yunwa, ta ƙaru har ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar da mutuwar yara 652 a cibiyoyinta na jihar a wata shida na farkon 2025.

Tarihin kallo ya bi wata hanya dabam. Kafin zuwan na'ura, daren yaro yana ƙarewa ne a karatun allo a gefen wuta, ko a dandali wajen gaɗa da langa idan akwai farin wata, ko a ɗakin kaka wajen tatsuniya. Na'urar farko da ta shigo wannan dare ita ce majigi, wato silimar tafi-da-gidanka ta gwamnati, wadda asalinta yake komawa ga finafinan tsabta da jami'in lafiya William Sellers ya fara nunawa a Nijeriya tun kafin a kafa sashen finafinan mulkin mallaka a 1939, kuma ta yi tashe a shekarun 1950 tare da Yaƙi da Jahilci na gwamnatin Jihar Arewa. Motar takan iso da rana, a gaida hakimi, sankira ya zaga gari, bayan sallar isha'i a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada a tayar da janareta, yara su zauna a ƙasa a sahun gaba, mai sharhi yana bayani da Hausa ta lasifika a kan rangadin Sardauna ko noman auduga ko tsabtar rijiya, a rufe da ɗan fim na ban dariya. Kamar yadda Brian Larkin ya nuna a littafinsa na 2008 a kan Kano, gidan silima na kuɗi ya yi ƙaurin suna a matsayin matattarar 'yan iska, majigi kuwa ta samu karɓuwa domin da yardar sarki take zuwa. Babu mai tunanin iyakance lokacin kallo a wancan zamani, domin motar takan tafi da safe, kuma watanni kan shuɗe kafin a sake ganinta.

Talabijin ma a hannun gwamnati ta fara. Tashar Ibadan ta buɗe a 1959, ta Kaduna a 1962, gwamnatin soja ta haɗe tashoshi a ƙarƙashin NTA a 1977, daga baya Katsina ta samu tashar NTA da kuma tashar jiha. Shirye-shirye suna farawa ne da la'asar su rufe da taken ƙasa wajen tsakar dare, akwatin yana gidan mai hali ko a cibiyar kallo ta hukuma, yaran unguwa suna cincirindo a taga don wasan kwaikwayon Samanja ko Ƙarƙuzu, kuma ɗaukewar wutar NEPA takan tashi taron ba tare da uba ya ɗaga murya ba. Jadawalin tasha da ƙarancin wuta sun yi aikin da a yau ake neman iyaye su yi.

Wannan iko ya kuɓuce cikin shekara goma sha ɗaya kacal. Fim ɗin Turmin Danya na 1990 ya buɗe kasuwar finafinan Hausa na kaset, dokar 1992 da ta kafa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ba 'yan kasuwa damar mallakar tashoshi, a watan Agusta na 2001 kuma wayar salula ta shigo. Na'urar bidiyo ta kai kallo ɗakin matan kulle, inda majigi ba ta taɓa shiga ba, gidajen kallon ƙwallo masu tauraron ɗan'adam da janareta suka janye samari da yara maza, daga baya masu tura finafinai a bakin kasuwa suka riƙa cika ɗan katin ajiya na waya da finafinan Hausa da na Indiya masu fassara a kan kuɗi kaɗan. Martanin hukuma ya tsaya a kan abin da ake nunawa: an kafa hukumar tace finafinai ta ƙasa a 1993, Jihar Kano ta kafa tata a 2001 bayan dawo da shari'a a jihohin Arewa, ciki har da Katsina a 2000, kuma muhawarar malamai da iyaye ta fi yawa a kan rawa da waƙa da sutura da tarbiyya. Tambayar sa'o'i nawa ƙaramin yaro ya kamata ya yi yana kallo daga waje ta zo. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta shawarci iyaye a 1999 da su hana 'yan ƙasa da shekara biyu kallon talabijin, a watan Afrilu na 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a zaunar da 'yan ƙasa da shekara biyu gaban na'ura, 'yan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada su wuce sa'a ɗaya a rana. Ƙasar Sin ta wuce shawara a 2021, ta taƙaita wasannin intanet na yara zuwa sa'a ɗaya a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu, Ostireliya kuma ta yi dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 shafukan sada zumunta a 2024, kuma dukansu sun iya yin haka ne ta hanyar matsa wa kamfanoni, kamar yadda Nijeriya ta yi da masu madara.

Akwai wurin da al'amuran biyu suka haɗu, wanda ba a cika lura da shi ba. A da, idan uwa tana aiki, yayar goyo ce take ɗaukar yaro, wato yarinya 'yar shekara bakwai ko goma da take goya ƙaninta tana yawo da shi, ta dawo da shi idan ya nemi nono. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 da na ilimin bai-ɗaya na 1999, tare da makarantun Islamiyya na yamma, sun ɗauke waɗannan 'yan mata daga tsakar gida na sa'o'i da yawa, abin da yake alheri ne a gare su, amma ya bar gurbin da a gidaje da dama waya ce take cike shi, a miƙa wa yaron da ake shirin yayewa ita don ya yi shiru har a sauke tukunya. A 2020 kuma, da aka rufe makarantu saboda annobar korona, gwamnatoci da kansu suka mayar da darasi rediyo da talabijin, suka nemi iyaye su zaunar da yara gabansu.

Sau ɗaya gwamnati ta sake kama kayan aikin da hannunta a wannan yanki, kuma dalilin tsaro ne ya kawo haka. A watan Satumba na 2021, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi, domin a yanke hulɗar 'yan bindiga da masu ba su labari, aka kuma hana sana'ar cajin waya a ƙananan hukumomin da matsalar ta shafa, ba a fara mayar da layukan ba sai a watan Disamba. Ɗalibai da 'yan kasuwa sun riƙa tafiya garuruwan da ke da sabis don kira ko tura kuɗi, mai naƙuda da dare ta rasa hanyar kiran mai mota. Katse layin bai taɓa finafinan da ke cikin katin ajiya ba, tun da kallonsu ba ya buƙatar sabis, sai dai rufe rumfunan caji ya fi shafar kallon yara a ƙauyukan da wutar lantarki ba ta kai ba, inda wayar gida take dogara da janaretan mai shago ko faifan hasken rana na maƙwabci.